Buɗe Hanya da Haɗa Kujera: Abin da Ke Sa Jama'a Su Yarda ko Su Ƙi Haɗewa da Maƙwabta

(An yi wannan lacca a garin Gadarif na ƙasar Sudan, gaban taron ɗalibai da manoma da 'yan kasuwa. An rubuto ta daga abin da aka naɗa, an bar maganar yadda ta fito.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawa, malamai, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da war haka. Na can baya kuna ji? To, madalla. Samarin da ke tsaye a bakin ƙofa ku shigo mana, ga tabarma nan ba kowa a kanta.

Abin da aka ɗora mini shi ne in yi bayanin abin da ke sa mutanen wata ƙasa su so a haɗe su da maƙwabta ƙarƙashin mulki ɗaya, wasu kuma su ce a kai kasuwa. Dalilai biyar na shirya.

Amma tukuna. Haɗewar nan hawa-hawa ce, in ba mu rarrabe ba za mu yi ta gardama alhali kowa da abin da yake nufi. Hawa na farko, a cire harajin kwastan a kan kayan da ƙasa ta noma ko ta sarrafa in za a kai wa 'yar uwarta. Na biyu, a sa haraji iri ɗaya a kan kayan waje, ko ta wace tashar jirgin ruwa suka shigo. Na uku, a bar mutum ya shiga, ya zauna, ya yi aiki, ya sayi gida ko gona. Na huɗu, kuɗi ɗaya da babban banki ɗaya. Na biyar shi ne siyasa tsantsa: majalisa ɗaya, soja ɗaya, shugaba ɗaya. Ku riƙe wannan da kyau. Mutumin da zai tafa maka a hawa na farko, shi ne zai fito zanga-zanga a hawa na biyar, kuma bai yi wa kowa ƙarya ba. Yana so a buɗe masa hanya, amma ba ya so a ɗauke kujerar da ake yanke masa hukunci a kai wani gari.

To, dalili na farko, aljihu. Ba sai na je da nisa ba, a Gadarif muke. Riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna wajen watan Oktoba, 'yan kwanaki gare ka ka yanke ka ɗaure, in ka yi sanya kwanso ya fashe, ƙwaya ta zube, wahalar damina ta tafi a banza. Mai gona faddan dubu, wato kusan eka dubu, ba shi da hannun wannan aiki a gidansa, saboda haka idonsa yana kan hanyar Gallabat da Metema, garuruwan bakin iyaka, yana jiran 'yan ƙodago daga Habasha. Ka ce masa a buɗe iyaka? Zai ce tun bara ya kamata. Juya ka tambayi ɗan ƙodagon gida, wanda ladansa ke hawa in hannu ya yi ƙaranci, ya faɗi ranar da motoci suka sauke baƙi. Gona ɗaya, amsa biyu. Ga Alhaji can yana murmushi, da alama na taɓo mai faddan dubu. (Dariya.) To Alhaji, ga ta uku: in aka ce haɗewar ta ƙunshi Bahabashe ya mallaki gona a Fashaga, yankin noman bakin iyaka, da takarda, ka yarda? Kun ga ya girgiza kai. Mutum ɗaya ne fa, yana son rabin hawa na uku, ya ƙi rabin.

Haka yake a ciniki. Sudan da Masar suna cikin ƙasashen da suka fara cinikin da babu haraji na ƙungiyar Komesa, ta kasuwancin ƙasashen gabashi da kudancin Afirka, a shekara ta 2000. Yadda abin yake, kaya ba sa wucewa kyauta sai da takardar shaidar asalinsu, kuma ɗaya daga cikin ma'aunin shi ne a ce aƙalla kashi 35 cikin 100 na darajar kayan a cikin ƙasar aka ƙara shi. A nan ake samun matsala. Wani ya shigo da kaya daga Asiya, ya canza kwali, ya nemi takarda. Jami'in ɗaya ɓangaren ya yi shakka, ya tsare mota kwana da kwanaki. Ko kuma an cire haraji, sai a hana kaya ta ƙofar lafiya, kamar yadda Sudan ta hana shigo da amfanin gonar Masar a 2017. Mai kai raƙuma kasuwar Daraw kusa da Aswan, shi haɗewa alheri ce gare shi. Mai ƙaramar masana'anta a Bahri kuwa zai kara ne da wanda ke da kasuwar mutum sama da miliyan 100 a gida, yana sarrafawa da yawa, kuɗin kowane kwali ya sauko.

Kuma ga abin da ɗalibai ya kamata su lura da shi. Ribar haɗewa tana watsuwa kaɗan-kaɗan a kan jama'a, mai sayen sukari ya sami rangwame bai ma san daga ina ba. Asara kuwa tana taruwa a kan 'yan kaɗan, sun san abin da ya cuce su, sun san ofishin minista. Shi ya sa muryar masu ƙi ta fi tashi ko da ba su fi yawa ba. Gambiya da Senegal sun yi tarayya daga 1982 zuwa 1989. Cikin abubuwan da suka kashe ta har da wannan: 'yan kasuwar Banjul suna cin abinci ne da ƙaramin haraji, su shigo da kaya da araha, kayan su tsallaka Senegal. Duk ranar da aka daidaita haraji, kasuwarsu za ta mutu. Yaya za su yarda?

Dalili na biyu, kuma nan zan daɗe, ku yi mini haƙuri: wa zai zama babba? Babu misalin da ya kai namu na nan Sudan. A ƙasar nan an taɓa cin zaɓe da alkawarin haɗewa da Masar, aka kafa gwamnati a kan haka, sannan ita gwamnatin da bakinta ta ayyana 'yanci. Samari da yawa ba su san wannan ba.

Tun 1899, a takarda Ingila da Masar ne ke mulkin Sudan tare, a aikace kuwa Ingila ce. To ɗan bokon Omdurman da ke son korar Bature, ina zai jingina? Masar. Harshe ɗaya, addini ɗaya, kogi ɗaya, jarida da littafi daga Alƙahira suke zuwa. A 1924 Ali Abdullaɗif da ƙungiyar Farar Tuta da kiran haɗin kan Kwarin Nilu suka fito. Daga baya sai gida ya rabu biyu. Isma'il al-Azhari da jam'iyyar Ashiƙƙa suna cewa a haɗe da Masar, ɗariƙar Khatmiyya ta Sayyid Ali al-Mirgani tana bayansu. Jam'iyyar Umma da aka kafa a 1945, wato Ansaru na Sayyid Abdurrahman al-Mahdi, suna cewa Sudan ta 'yan Sudan ce.

Ku leƙa ƙarƙashin wannan rabuwa. Ba'ansare yana tuna mulkin Turkawa da ya shigo daga Masar a 1821, da harajinsa da bulalarsa, wanda Mahadi ya kawar a 1885. A wurinsa haɗewa komawa gidan jiya ce. Mutumin Khatmiyya kuwa tsoronsa daban. In Ingila ta tafi ta bar Sudan ita kaɗai, yana ganin za a naɗa Sayyid Abdurrahman sarki, Mahadiyya ta dawo. Saboda haka da yawa daga masu kiran a haɗe, tsoron abokin hamayyar gida ne ya kai su ƙofar Alƙahira. Ɗalibai ku rubuta wannan. Sau da yawa mutum yana goyon bayan haɗewa da na waje ne don ya fi ƙarfin na cikin gida. Ranar da tsoron ya kau, goyon bayan ma ya bi shi.

A 1951 aka sa wa Sarki Faruk laƙabin Sarkin Masar da Sudan, ba tare da an tambayi ɗan Sudan ko ɗaya ba. Wannan ya ɓata wa mutane rai. Sai ga juyin mulkin 1952, sojoji suka kawar da Faruk, Muhammad Najib ya hau. Najib fa a Khartum aka haife shi, a Kwalejin Gordon ya yi karatu, mutanen nan suna ganinsa nasu ne. Shi ya yi dabarar da sarakuna suka kasa, ya ce a bar 'yan Sudan su zaɓa. A watan Fabrairu 1953 aka sa hannu: mulkin kai na shekara uku, bayan nan ko haɗewa da Masar ko cikakken 'yanci. Aka yi zaɓe a ƙarshen shekarar, jam'iyyar Azhari ta masu son haɗewa ta ci kujera 51 cikin 97. Janairu 1954 ya zama firaminista. A Alƙahira aka ɗauka magana ta ƙare.

Cikin shekara biyu komai ya juye. Me ya faru? Ku bi ni a hankali.

Ran 1 ga Maris 1954 Najib ya zo buɗe majalisa, Ansaru suka cika Khartum, aka yi arangama da 'yan sanda, aka rasa rayuka. Azhari ya gane cewa in ya tura haɗewa da ƙarfi, yaƙin basasa zai saya. Wannan ɗaya. A watan Nuwamba na shekarar Jamal Abdunnasir ya tuɓe Najib ya yi masa ɗaurin talala. Mutanen nan suka ce, in haka suka yi wa nasu, wanda muke ƙauna, mu fa? Biyu ke nan. Sannan Masar ta riga ta soke jam'iyyu tun 1953, ta kama 'yan Ikhwan, ta rataye wasu a ƙarshen 1954. Ɗan siyasar Sudan da bai daɗe da ɗanɗana majalisa ba, ya dubi arewa ya ga ba majalisa, ba jam'iyya. Zai kai kansa? Ga kuma salon Salah Salim, ministan da Masar ta ɗora wa sha'anin Sudan. Ya yi ta yawo yana rabon kuɗi da alkawura, mutane suka ji kamar ana tayin su a kasuwa. An karɓi kuɗin, amma an riƙe abin a zuci.

Sai ruwa. Yarjejeniyar 1929 ta ba Masar kubik mita biliyan 48 a shekara, Sudan biliyan 4. Ga Masar tana shirin gina babbar madatsa a Aswan wadda ruwanta zai komo baya ya ci ƙasar Sudan. Manomin Jazira ya yi lissafi: in muna ƙasa biyu, za mu zauna mu yi ciniki, in mun zama ƙasa ɗaya, wa zai tsaya mana? A majalisa ɗaya sun ninka mu yawa.

Na ƙarshe kuma, wanda ba a cika faɗa ba, kujeru. Da Turawa suka fara tattara kaya, muƙamai kusan 800 suka koma hannun 'yan ƙasa. Wanda jiya yake akawu, yau ya zama gwamnan lardi ko babban sakatare. Ka ce masa gobe zai koma mataimakin wani da za a aiko daga Alƙahira? Ran 19 ga Disamba 1955 majalisa ta tashi baki ɗaya ta ayyana 'yanci, ba a ma yi ƙuri'ar raba gardama ba. Ran 1 ga Janairu 1956 Azhari da kansa ya ɗaga tuta.

Ku duba fa, harshe bai canza ba, addini bai canza ba, Nilu bai juya ba. Abin da ya canza shi ne amsar tambayar nan, wa zai zama babba, kuma yaya zai riƙe ni.

Iyayenmu da suka san gandu sun san wannan. Wa da ƙane suna noma tare, rumbu ɗaya, kowa ya san gandu ya fi yawan amfani. Amma in wan ne kaɗai ke riƙe da mabuɗin rumbu, bai bar wa ƙanen gayaunarsa ba, bai shawarce shi ranar sayar da hatsi ba, ƙanen zai ce a raba, ko da ya san rabon zai rage masa abinci.

Kuma abin da ke ci mini rai, abin da arewacin Sudan ya ji tsoro daga Masar, shi ya je ya yi wa kudu. Cikin muƙaman nan 800, 'yan kudu ba su sami ko goma ba. Watan Agusta 1955 sojojin Torit suka yi bore. Don 'yan majalisar kudu su sa hannu a 'yanci, aka yi musu alkawarin za a duba tsarin tarayya, daga baya aka yi watsi da shi. A 1972 aka yi sulhun Adis Ababa aka ba su mulkin yanki, a 1983 shugaba Numairi ya warware, ya raba kudun uku. A 2005 aka ba da shekara shida a sa zama tare ya yi daɗi. Janairu 2011 aka tambaye su, kusan kashi 99 cikin 100 suka ce a raba. Sun san ba su da teku, sun san bututun mai ta Bur Sudan yake fita, duk da haka suka tafi. Wanda ke ganin lissafin aljihu kaɗai ke jan mutane, to ya zo ya bayyana mana wannan.

Ban gama da ruwa ba ma. A 1959 gwamnatin Abbud ta sake yarjejeniya, Masar biliyan 55 da rabi, Sudan 18 da rabi, da diyyar fam miliyan 15. Tsohuwar Wadi Halfa ta nutse a ruwan madatsar Aswan, aka kwaso mutum wajen 50,000 aka kawo su Khashm al-Girba, ga su nan maƙwabtanmu a Sabuwar Halfa. Sun bar dabinonsu da kaburburan iyayensu a ƙarƙashin ruwa. In ka je kana yi wa jikokinsu wa'azin haɗin kan Kwarin Nilu, ka san da wa kake magana.

Ba mu kaɗai ba ne. Masar da Siriya sun haɗe a 1958, 'yan Siriya ne ma suka je suka roƙa. Aka soke jam'iyyunsu, aka aiko musu manya daga Alƙahira, a 1961 aka ƙwace bankuna da kamfanoni aka mai da su na gwamnati, watan Satumba na shekarar sojojin Dimashƙa suka ce ya isa. Tsallaken Bahar Maliya ma haka. Ƙasashe shida na yankin Tekun Fasha sun kafa majalisar haɗin gwiwa a 1981, sun daidaita harajin waje a kashi 5 cikin 100 a 2003, ɗan ƙasa yana tsallakawa da katin shaida kawai. Da aka zo hawa na huɗu, Oman ta janye. A 2009 aka ce babban bankin a Riyad zai zauna, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta fice. Wurin ajiye gini fa kawai! A 2011 Sarki Abdullah na Saudiyya ya yi kira a tashi daga haɗin gwiwa a koma tarayya, a 2013 Oman ta fito fili ta ce ba da ita ba. Attajirai ne duka, amma ƙaramin yana kallon girman Saudiyya.

To ina aka yi nasara, kuma da me? Ita Daular Larabawan, tun 1971. Kowane sarki an bar masa ƙasarsa da arzikin ƙarƙashinta, sarakunan bakwai ne majalisar ƙoli, Abu Dabi ta riƙe shugabanci, Dubai ta riƙe firaminista, kuma babban ya fi kowa zuba kuɗi. Tanzaniya tun 1964, Zanzibar an bar mata shugabanta da gwamnatinta, ko da yake har yau ana gunaguni. Abubuwan da ke kwantar wa ƙarami hankali sanannu ne: majalisar da kowace ƙasa ke da murya daidai ko yaya ƙanƙantarta, ikon hana abin da ya taɓa ƙasa da ruwa, kuɗin shigar da ya rage a hannunsa, a rarraba hedkwatoci kada a tara a gari ɗaya, da kuma ƙofar fita a rubuce.

Ina muke? Na uku ko? An ce na uku. To, na uku shi ne cika alkawari ranar wuya. Talaka ba ya karanta yarjejeniya, a bakin iyaka yake gwada ta. A 2004 Sudan da Masar suka sa hannu a kan 'yanci huɗu: shiga, zama, aiki, mallaka. Ko a lokacin lafiya, namiji daga shekara 16 zuwa 49 sai da biza yake shiga Masar. Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu 2023, mutane suka kwarara Argin da Ashket, mashigun iyakar Masar. Masar ta karɓi jama'a masu yawan gaske, wannan gaskiya ce, a faɗe ta. Amma a watan Yuni sai ta ce kowa sai da biza, har mata da yara da tsofaffi, ta ce ana buga bizar jabu. Iyalai suka yi ta zaman jira a Wadi Halfa ta yanzu, kusa da iyaka, cikin zafi. Wanda ya yi wannan zama, in aka zo masa da maganar haɗewa gobe, da me zai auna?

Can gida ma haka. ECOWAS ta amince a 1979 cewa ɗan yankin ya shiga ya yi kwana 90 ba biza. A 1983 kuɗin mai ya faɗi, Najeriya ta kori baƙi sama da miliyan ɗaya. A 2019 ta rufe iyakokinta fiye da shekara saboda shinkafa da fetur. A 2023 bayan juyin mulkin Nijar aka rufe iyaka aka yanke wuta, mutumin Maraɗi da na Katsina, 'yan uwan juna, su suka sha wuyar. Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice a Janairu 2025, kuma ku lura, ba su zauna su kaɗai ba, sun kafa tasu tarayyar. Ashe ba haɗewa suka ƙi ba, wadda suka ji ta juya musu baya suka ƙi. Katar ma 'yan uwanta sun rufe mata iyaka daga 2017 zuwa 2021, aka raba miji da mata, ɗalibi da makaranta.

Lokaci ya tafi, sauran zan bi su da gudu. Tsoron abokin gaba yana haɗa mutane da sauri: majalisar Tekun Fasha ana tsakiyar yaƙin Iran da Iraƙi aka kafa ta, tarayyar Gambiya kuwa bayan sojan Senegal sun mai da shugabanta Jawara kan mulki a 1981 ne. In haɗarin ya wuce, sai a fara ganin sojan maƙwabci a titi kamar ɗan mamaya. Sai yarda da gwamnatin gida: wanda ya fid da rai da shugabanninsa yana fatan doka daga sama ta gyara su, wanda kuwa gidansa ke lafiya yana tsoron a ja shi ƙasa. Norwe sau biyu ta ƙi shiga ƙungiyar Turai, 1972 da 1994, masunta da manoma ne a gaba wajen ƙi. Na biyar... wancan na huɗu ne ko na biyar? Bari dai in ƙara wannan: an tambayi mutane ko ba a tambaye su ba. Sadat da Numairi sun fara takamul, wato shirin haɗa Masar da Sudan, a 1974, a 1982 aka yi kundi har da majalisar Kwarin Nilu. Da Numairi ya faɗi a 1985 abin ya bi shi, domin mutane sun ɗauke shi a matsayin kayan Numairi.

Na ga Baba ya ɗaga hannu tun ɗazu. A miƙa masa lasifika. Bismillah, Baba.

(Wani dattijo: Allah ya gafarta Malam. Duk mun ji. Amma mu da har yau wani ke ce mana baƙi, kakana a Mai Wurno aka binne shi, in an haɗe ƙasashen nan mu a wane layi za mu tsaya?)

Allah ya ƙara girma, Baba. Wannan tambaya ta fi sauran abin da ke cikin takardata, bari in ajiye ta.

Duk yarjejeniyar haɗewa, in kun karanta, da kalma ɗaya take farawa: 'yan ƙasa. 'Yancin shiga da zama da aiki na wanda ke riƙe da jinsiyya ne, wato takardar zama ɗan ƙasa. Dubi 'yan uwanmu na Makka da Jidda. Bahaushen da ke da takardar ɗan Saudiyya yana shiga Bahrain ta gadar Sarki Fahad da katinsa. Maƙwabcinsa da aka haifa a unguwa ɗaya, amma iƙama gare shi, wato izinin zama na baƙo, wannan haɗin bai san da shi ba. Wanda ma ba shi da iƙamar, kullum ƙasashe suka haɗa kwamfutocinsu, wurin motsinsa ƙara ƙuntata yake yi.

Mu a nan, dokar jinsiyya ta 1957 ta ce sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba ke zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Yaƙin Burmi a 1903 aka yi shi. Jama'ar da suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru suka sauka kusa da Sinnar, duk bayan wannan shekara suka iso. Kun ga inda tabon ya samo asali. Daga baya an matso da shekarar, dokar 1994 ta kawo ta 1956, saboda haka a doka, Baba, jikan wanda aka binne a Mai Wurno ɗan ƙasa ne, ba alfarma aka yi masa ba. Amma rikicin ƙabilanci da ya rutsa da Hausawa a jihar Nilu Shuɗi a 2022 ya nuna mana cewa maganar ƙasa da sarauta ba ta mutu a zukata ba.

Kuma ku tuna 2011. Da kudu ta rabu, aka gyara doka, duk wanda ake ganin asalinsa na kudu ne ya rasa jinsiyyar Sudan, ko da a Omdurman aka haife shi bai taɓa ganin Juba ba, aka ba su wata tara su daidaita zamansu. Duk ranar da aka taɓa iyaka, ko haɗewa ko rabuwa, sai an sake tambayar wane ne ɗan ƙasa, kuma mutanen da ke da dangi a tsallake su ake fara dubawa.

Saboda haka ni ina goyon bayan a buɗe hanyoyi, don mu jama'ar hanya ce, daga Kano zuwa Makka akwai namu a kowane zango. Amma kafin mu tafa wa kowace yarjejeniya, a nuna mana sashen da ya ce me za a yi da wanda ya daɗe a zaune ba takarda, da wanda ƙasa biyu kowace ke cewa na ɗayar ne. A gida kuma, kowane magidanci ya duba: kowane yaro yana da takardar haihuwa? Kowa ya karɓi lambar ƙasa, har mata da 'yan mata? Ana neman shaida daga dangin uba, to a yi tun dattawan da za su tsaya suna raye. Tsohuwar jinsiyyar kaka, rasiɗin haraji, takardar gona, kada a bar su a akwati ɗaya. Yaƙin nan ya ƙona ofisoshi da gidaje da yawa. A ɗauki hotonsu a waya, a aika wa ɗan uwa a wani gari ya ajiye.

Hajiya a can gefen mata ma tana da tambaya. A kai mata lasifikar.